Itacen wuta a Norwe

Itacen wuta, wanda ake kira *ved* da harshen Norwe, shi ne makamashi na biyu da gidajen ƙasar Norwe suka fi dogara da shi wajen ɗumama ɗaki, bayan wutar lantarki. Aikin samar da shi ya ƙunshi matakai huɗu: kayar da bishiya, yanka ta gunduwa-gunduwa da injin zarto, faskarawa, sannan jerawa domin ya bushe. Dukkan matakan manufarsu ɗaya ce, wato fitar da ruwa daga jikin itacen kafin shigowar hunturu. Kusan rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne, kuma a ƙasar ba a ɗaukar itace a matsayin busasshe sai ruwan da ke cikinsa ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. Wannan ne ya sa lokacin sara, tsawon gunduwa, kaurin faskare da yadda ake jerawa duk suna da ƙa'idojin da aka daɗe ana bi.

Suna da kalmomi

Harshen Norwe ya bambanta itace mai rai da na ƙonawa. Bishiya ana ce mata *tre*, itacen da aka tanada don wuta kuma *ved*. Injin zarto shi ne *motorsag*, kalma ce haɗaɗɗiya daga *motor*, wato inji, da *sag*, wato zarto. Gatari kuwa *øks* ne, jerin itacen da aka tara kuma *vedstabel*. Tsohon ma'aunin itace sunansa *favn*. Asalin ma'anar kalmar ita ce tsawon hannuwan mutum biyu idan ya buɗe su, daidai da abin da Hausawa ke kira gaba wajen awon igiya ko zurfin rijiya. Akwai kuma furucin *hel ved*, wanda a zahiri yake nufin itace tsantsa marar rami ko ruɓa, amma ana faɗarsa ga mutum mai gaskiya da riƙon amana.

Muhimmancinsa

Norwe tana arewacin Turai, kuma wani ɓangare nata ya shige yankin da rana ba ta fitowa na makonni a tsakiyar hunturu. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a ƙasar shi ne digiri 51.4 ƙasa da sifili, a garin Karasjok a shekarar 1886. Daji ya rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. Mafi yawan wutar lantarkin Norwe daga madatsun ruwa take fitowa, kuma da ita yawancin gidaje ke ɗumama ɗakuna. Duk da haka murhun itace bai bar gidaje ba, saboda dalilai biyu. Na farko, idan guguwa ko dusar ƙanƙara ta katse wayoyin lantarki a ƙauye, murhu ne kaɗai ke hana gida daskarewa da fashewar bututun ruwa. Na biyu, kuɗin wuta yakan hau a lokacin sanyi, sai itace ya rage wa maigida nauyi. A shekarun 2021 da 2022, da farashin lantarki ya yi tashin gwauron zabi a kudancin ƙasar, buƙatar itace ta ƙaru sosai har ya yi tsada a wurin masu sayarwa.

Ban da gidajen zama, 'yan ƙasar da yawa suna da ƙananan gidajen hutu na katako a daji ko kan tsauni, waɗanda ake kira *hytte*, kuma wasunsu ba su da lantarki sam. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar daga 1940 zuwa 1945, fetur ya yi ƙaranci, har aka riƙa tuƙa motoci da iskar gas da ake samarwa ta hanyar ƙona ƙananan gutsattsarin itace.

Ire-iren itatuwa

Bishiyoyi uku ne suka fi yawa a dazukan ƙasar: *gran*, *furu* da *bjørk*. Biyun farko masu ganye kamar allura ne, kuma ba sa kaɗe ganye a hunturu. Ta ukun mai farin ɓawo ce, tana zubar da ganye, kuma ita ce aka fi so a murhu, domin tana ci a hankali, ba ta tartsatsi, tana kuma barin garwashi mai kyau. Itacen *gran* yana da sauƙin kamawa, saboda haka ana amfani da shi wajen hura wuta, amma yana da ƙaro a jikinsa wanda ke sa shi fashewa da watsa tartsatsi, don haka ya fi dacewa da murhu mai ƙofa.

Idan aka auna kilo da kilo, busassun itatuwa kusan zafi ɗaya suke bayarwa, komai irinsu. Bambancin yana wajen nauyi. Gunduwar *bjørk* ta fi gunduwar *gran* mai girma ɗaya nauyi, saboda haka ta fi ta zafi da daɗewa. Akwai itatuwan da suka fi *bjørk* tauri, kamar *eik* da *bøk* da ke kudancin ƙasar, sai dai ba su da yawa, kuma *eik* yakan buƙaci shekara biyu kafin ya bushe sosai.

Lokacin aiki

An fi sare bishiyoyi a ƙarshen hunturu, kafin ruwan jikinsu ya fara hawa zuwa rassa. A lokacin ƙasa a daskare take, tarakta ba ya nutsewa cikin taɓo, kuma jan gumagumai a kan dusar ƙanƙara ya fi sauƙi. Daga nan sai a yi gaggawar yankawa da faskarawa, domin a gama jerawa a watannin Maris da Afrilu. Dalilin gaggawar shi ne watannin Afrilu zuwa Yuni ne iska ta fi bushewa a yawancin sassan ƙasar. Itacen da ya samu waɗannan watanni a jere yakan bushe kafin sanyi ya dawo, wanda ya rasa su kuwa sai dai a ajiye shi zuwa shekara mai zuwa.

Akwai wata tsohuwar dabara da ake kira *syrefelling*. Ana kayar da bishiya bayan ta fitar da ganye, a bar ta kwance ba a sassare rassanta ba. Ganyen zai ci gaba da zuƙe ruwa daga jikin bishiyar har ya yanƙwane. Bayan 'yan makonni sai a yanka ta, an rage mata ruwa mai yawa.

Injin zarto

Injin zarto na'ura ce da ake riƙewa da hannu biyu, wadda ke juya sarƙa mai haƙora a kewayen wani dogon faifan ƙarfe. Asalin zarton sarƙa daga aikin likita ne. A ƙarshen ƙarni na 18 wasu likitoci biyu 'yan Sikotilan, John Aitken da James Jeffray, sun yi amfani da ƙaramar sarƙa mai haƙora wajen yanka ƙashi, kuma a 1830 Bajamushe Bernhard Heine ya ƙera wata da ake murzawa da hannu don wannan aiki. Na yankan itace ya zo daga baya. A Jamus, Andreas Stihl ya ƙera mai amfani da lantarki a 1926, Emil Lerp na kamfanin Dolmar kuma ya fitar da mai amfani da fetur a 1927. Waɗannan injinan na farko suna da nauyi ƙwarai, sai mutum biyu ke iya sarrafa ɗaya. A 1947 Joseph Buford Cox na Amurka ya fara ƙera sarƙa mai lanƙwasassun haƙora, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace, kuma irin wannan sarƙa ce ake amfani da ita har yau.

A Norwe, kamfanin Jo-Bu ya fara ƙera injin da mutum ɗaya zai iya ɗauka a ƙarshen shekarun 1940. Kamfanin Husqvarna na Suwidin ya shiga wannan sana'a a 1959. Kafin zuwan injin, da gatari da zarton hannu ake yin komai, kuma tanadin itacen gida ɗaya yakan ci makonni.

Injin fetur na zarto ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar na mota. Ana haɗa man injin da fetur ne, yawanci kashi 2 cikin 100, wato mililita 100 a cikin lita 5. Akwai kuma wani tanki na biyu mai ɗauke da man da ke jiƙa sarƙa don kada ta yi zafi ta ci faifan. Sarƙar tana gudun kimanin mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ana wasa haƙoranta da zagayayyen magagari, kuma ana gane ta dakushe idan ta daina fitar da manyan ɓarɓashi ta koma fitar da gari. Taɓa ƙasa ko dutse sau ɗaya ya isa ya dakusar da ita. A 'yan shekarun nan injina masu batir sun yaɗu a wurin masu ƙaramin aiki, saboda ba su da ƙara sosai kuma ba sa hayaƙi.

Kayarwa da yankawa

Kafin a kayar da bishiya, mai sara yakan duba inda ta karkata, inda iska ke kaɗawa da kuma hanyar da zai ja da baya. Zai fara yanke wani ɗan baki a gefen da yake son ta faɗi, mai zurfin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurinta. Sannan ya koma baya ya yanko, amma ba zai haɗe yankan biyu ba. Yakan bar wani siririn sashe, kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin, wanda ke aiki kamar hinjin ƙofa yana riƙe bishiyar har ta kwanta inda aka nufa. Idan aka yanke wannan sashe, bishiyar za ta iya faɗawa ko'ina. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada wani ya tsaya kusa da mai sara ƙasa da ninki biyu na tsawon bishiyar.

Bayan ta faɗi sai a sassare rassa, a ja gungumen zuwa filin aiki. A can ake ɗora shi a kan wani katako mai ƙafafu da aka gicciya, a yanka shi daidai da tsawon da murhu zai ɗauka. Santimita 30 ne tsawon da aka fi yi a yau, amma a da ana yin 60 saboda manyan murahu. Gajeriyar gunduwa ta fi saurin bushewa, domin ruwa ya fi fita ta bakunan da aka yanka fiye da ta gefe. Gungumen da ke kwance tsakanin tudu biyu yakan matse faifan injin idan aka yanko shi daga sama kawai, don haka ake fara ɗan yanka a sama sannan a ƙarasa daga ƙasa.

Haɗari da kariya

Babban haɗarin injin zarto shi ne ya yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi. Hakan na faruwa ne idan saman ƙarshen faifan ya taɓa itace ko reshe alhali sarƙa tana gudu, sai injin ya wuntsila sama wajen fuska cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tun daga shekarun 1970 aka fara sa wa injina birkin sarƙa, wani marikin da ke gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙar nan take idan injin ya yi tsalle.

Kayan kariyar da aka saba sawa sun haɗa da hular kwano mai ragar kare fuska, abin toshe kunne, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki da wandon kariya. Wandon yana da dogayen zaruruwa a ciki. Idan sarƙa ta yanke shi, zaruruwan za su fito su cushe injin ya tsaya kafin ya kai ga tsoka. Ƙarar injin fetur ta wuce desibel 100, abin da zai iya lalata ji idan aka daɗe ba kariya. Girgizar injin ma tana cutar da jijiyoyin yatsu, cutar da ta addabi masu saran daji da yawa kafin a fara ƙera marikai masu rage girgiza. Ana kuma gargaɗin kada mutum ya shiga daji shi kaɗai, kuma kada ya yi yanka sama da kafaɗarsa.

Faskare

Faskare yana buɗe cikin itace ga iska. Wannan ya fi muhimmanci ga *bjørk*, domin ɓawonta ba ya barin ruwa ya wuce, har a da ana shimfiɗa shi a ƙarƙashin rufin gidaje. Gunduwar *bjørk* da aka bari ba a faskara ba takan ruɓe daga ciki maimakon ta bushe. Siraran rassan da ba su kai a faskara ba, ana tsaga musu ɓawo a tsaye wuri biyu ko uku.

Ana yin faskare da gatari mai kaurin kai, wanda aikinsa tsagawa ne, ya bambanta da gatarin sara mai siririn baki. Ana ɗora gunduwa a tsaye a kan faffaɗan kututture, a nufi tsagar da ta riga ta bayyana ko gefen gunduwar, a guji wurin da reshe ya fito domin nan ne ya fi tauri. Ɗanyen itace ya fi busasshe sauƙin faskarawa, wanda ya daskare da sanyi kuma ya fi kowanne. Wasu sukan kafa tsohuwar tayar mota a kan kututturen su cika ta da gunduwoyi, don kada faskaren ya riƙa warwatsewa. Manyan gumagumai ana doka musu ƙarfe mai kaifin baki da guduma har su rabu. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera gatura a yankin sun haɗa da Øyo na Norwe, Gränsfors Bruk na Suwidin da Fiskars na Finlan. Masu sayar da itace da yawa sun koma ga injin faskare mai tura gunduwa kan wuƙa da ƙarfin matsin mai, wasu injinan ma suna yankawa su faskara a lokaci guda.

Jerawa da busarwa

Iska ce ke busar da itace fiye da rana. Saboda haka ake jera shi a fili inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa a kan sanduna ko katakai don kada ya sha laima, a kuma bar 'yan ramuka tsakanin faskare da faskare. Ana rufe saman jerin da kwano ko katako, a bar gefuna a buɗe. Lulluɓe shi gaba ɗaya da tamfol yana tsare tururi a ciki, itacen ya yi fumfuna.

Jeri mafi sauƙi shi ne dogon layi a jikin bango ko tsakanin turaku biyu. Inda babu turaku, ana gicciya faskaren ƙarshen layi, sahu ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli kudu, har ya zama ginshiƙin da ke tare sauran. Akwai kuma zagayayyen jeri mai kama da rumbu, wanda ake zuba karkatattun gutsattsari a tsakiyarsa, a rufe samansa da faskare ɓawo a sama. Itace yana raguwa idan yana bushewa, don haka jerin da ba a daidaita ba yakan rushe a tsakiyar shekara.

Ana gane busasshen itace da rashin nauyi, da tsagogin da ke bakinsa, da kuma amon da yake yi idan aka buga biyu. Wata dabara ita ce a shafa ruwan sabulu a baki ɗaya a hura ta ɗayan. Idan kumfa ya tashi, hanyoyin ruwan sun buɗe. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai allura biyu da ke nuna yawan ruwan. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ba da zafin da ya kai kimanin kilowat-awa 4, ɗanye kuwa kusan rabin haka, domin wutar tana ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwa.

Awo da ciniki

*Favn* ɗaya shi ne jeri mai tsawon mita 2 da tsayin mita 2 na itace mai santimita 60, wato mita kubik 2.4. A birane an fi sayar da itace a buhunan raga masu lita 40 ko 60, akwai kuma manya masu lita 1,000 ko 1,500 da ake kai wa mutum gida da mota. Wasu ƙasashen suna da nasu ma'aunan: a Amurka ma'aunin ya kai kusan mita kubik 3.6, a Faransa kuwa *stère* mita kubik 1 ne. Manoma da yawa a Norwe suna sayar da itace a matsayin sana'ar hunturu.

Hayaƙi da doka

Ɗanyen itace yana ci da hayaƙi mai yawa, yana kuma tara baƙin kwalta a cikin bututun hayaƙi, wanda kan kama da wuta ya jawo gobara. Hayaƙin murahu yana daga cikin manyan abubuwan da ke gurɓata iskar birane kamar Oslo, Bergen da Trondheim a ranakun sanyi marasa iska. Tun daga 1998 doka ta wajabta cewa sababbin murahun da ake sayarwa su kasance masu ƙona hayaƙinsu, wato masu shigar da iska karo na biyu don ƙone gas ɗin da ke tashi daga itacen. Irin waɗannan suna cin itace kaɗan su ba da zafi mai yawa. Hukumomi suna kuma ba da shawarar a hura wuta daga sama, manyan faskare a ƙasa ƙanana a kai, domin hakan yana rage hayaƙi. Sanannen kamfanin murahu na ƙasar shi ne Jøtul, wanda aka kafa a 1853.

Dokar shaƙatawa a fili ta 1957 ta ba kowa damar yawo a daji ko da na wani ne, amma ba ta ba da damar sare bishiya ba, sai da izinin mai dajin. An kuma hana hura wuta a daji ko kusa da shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba, sai inda a fili yake cewa gobara ba za ta iya tashi ba.

A al'adu

A 2011 marubuci Lars Mytting ya wallafa littafi mai suna *Hel ved* a kan sara, faskare, jerawa da ƙona itace. Littafin ya samu kasuwa sosai a Norwe, an kuma fassara shi zuwa harsuna da dama, fassarar Turanci ta fito a 2015. A watan Fabrairun 2013 gidan talabijin na ƙasa, NRK, ya yi shiri na awa 12 a kan itacen wuta: awa 4 na hira da nuna yadda ake aikin, awa 8 kuma na nuna wuta tana ci a murhu kai tsaye. Kusan mutum miliyan ɗaya ne suka kalli wani ɓangare na shirin. Masu kallo da dama sun aika saƙonnin ƙorafi a kan yadda aka jera itacen, wasu suna cewa ɓawo sama ya kamata ya kalla don ya tare ruwan sama, wasu kuma suna cewa ƙasa don tururi ya samu hanyar fita. Har yanzu masu tara itace a ƙasar sun rabu biyu a kan wannan batu, ko da yake idan jerin yana ƙarƙashin rufi bambancin ba shi da yawa.